Tambaya da Amsa: In je taron marubuta, ko in kai littafina maɗaba'a?

Tambaya: Ni malamar makarantar Lahadi ce a Kaltungo. Na shekara biyu ina rubuta littafin ibadar safiya da Hausa domin matan zumunta, na kuma tara 'yan kuɗi saboda bugu. Sai ga sanarwar wani taron marubuta Kirista a Legas, wanda kuɗin mota da masauki kaɗai za su cinye abin da na tara. Wanne ya kamata in fara?

Amsa: 'Yar'uwa, a ganina duka biyun su ɗan dakata, domin akwai aikin da ya riga su, kuma ba ya cin ko sisi. Ki ɗauki babi uku ki ba wata daga cikin matan zumunta ta karanta da ƙarfi a gaban sauran, ke kuwa ki zauna a baya da biro, ki yi alama a duk inda harshenta ya sarƙe ko hankalin masu sauraro ya tafi wani wuri. Yawancinmu da Turanci muka yi karatun tauhidi, shi ya sa Hausarmu ta rubutu takan fito da ƙashin Turanci a ciki, alhali a bakin murhu ba haka muke magana ba. Kunnen tsohuwar da ba ta yi boko ba ya fi kowane edita saurin kama wannan aibi.

Ki lura da haruffa masu lanƙwasa, domin mai buga rubutu a kwamfuta yakan mayar da "ƙafa" ta zama "kafa", ma'ana ta sauya ba wanda ya sani. Haka nan ayoyi: tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 da sababbin da suka biyo bayanta sun bambanta a lafazi, saboda haka ki tsaya a kan guda ɗaya, ki faɗi wadda kika bi a farkon littafin.

Sai batun bugu. Mai maɗaba'a zai karɓi kuɗinki ya buga abin da kika miƙa masa, da kurakuransa duka, ya bar ki da kwalaye a ɗaka. Kamfanin wallafa kuwa shi ke tace rubutu, ya ɗauki nauyin bugu da rarrabawa, amma sai ya ga akwai masu saye. Cikin irin waɗannan kamfanoni, a Jos akwai Challenge ta ikilisiyar ECWA, akwai kuma ACTS (Africa Christian Textbooks) a Bukuru, wadda ta fi karkata ga littattafan makarantun tauhidi. Ki rubuta musu gajeriyar wasiƙa mai bayyana waɗanda kika yi littafin dominsu, ki haɗa da babi biyu da kika gyara. Idan kuma da kanki za ki buga, ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ki fara da kwafi kaɗan, ki sayar a taron mata na gunduma kafin ki ƙara.

Taro yana da amfani, ban musa ba, musamman inda editoci ke zama da marubuci su duba shafukansu ɗaya bayan ɗaya. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Na taɓa zuwa wani taro hannu rabbana, da edita ya ce in nuna masa abin da na rubuta, sai na hau ba shi labari da baki, na dawo gida da jaka da takardar shaida kawai. Kafin ki biya, ki tambayi masu shirya taron ko akwai wanda zai iya karanta Hausa a cikin malamansu. In babu, reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, mafi kusa da ke zai fi miki amfani a bana, na Legas kuma ki bar shi sai baɗi.