Wane koton roba mai yawo a saman ruwa zan saya don kifin striped bass?

Ɗan'uwa, ka ce ka koma gaɓar gabashin Amurka, kana son koton roba mai yawo a saman ruwa don kama striped bass, wato kifin teku mai ratsi-ratsi a jiki. Fara da kallon ruwan. Idan ya kwanta lif, musamman da asuba ko gab da magariba, ɗauki Zara Spook, wani dogon koton roba mai siffar sigari, ko irinsa. Kana girgiza kan sandar kamun kifi a hankali, shi kuma yana karkata hagu da dama kamar ƙaramin kifin da ya ji ciwo. In kuwa iska ta tada igiyar ruwa, sai koto mai kwarmin baki da ke fantsama ruwa, don kifi ya ji shi daga nesa. A mashigin ruwa na Cape Cod da ke jihar Massachusetts, inda ake buƙatar jifa mai nisa, doguwar pencil popper mai nauyi, wato siririn koto mai siffar fensir, ce ta fi.

Launi bai dame ni ba, fari ko rawaya ya isa.

Abin da na fi roƙonka: kifi ya fantsamo, kada ka fizga sai ka ji nauyinsa. Ka kuma musanya ƙugiya mai baki uku da mai baki ɗaya, domin mafi yawan waɗanda za ka kama sakinsu za ka yi.