Yarona ya daina tashi sallar asuba, zunubin nawa ne ko nashi?

Tambaya: Salam malam. A Agege nake, ina sai da tumatir a Mile 12, tun kafin asuba nake fita. Yarona shekararshi 14, murya ta fashe, uwarshi ta ce sai rana ta fito yake sallah, da dare kuma yana kan waya. In na dake shi sai ya kwana waje. Zunubin a kaina yake? Ko in tura shi gida Arewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka fara gane ya balaga ko bai balaga ba, fashewar murya kaɗai kar ka yanke hukunci da ita. Abin dubawa mafarki ne ko fitowar gashin mara. In ba ko ɗaya sai a koma shekaru, da yawan malamai sun ce 15 saboda Ibn Umar da Annabi (SAW) ya mayar ranar Uhudu yana 14, ya karɓe shi ranar Khandaƙ yana 15, mu Malikiyya kuma mashhuri 18 ne. In ya balaga alƙalami ya hau kanshi, sallar da ya bari da ganganci a wuyanshi take, amma kai ma za a tambaye ka kiwon da aka ba ka.

Duka kam ka bari. Dukan da hadisi ya ambata a shekara 10 na ladabi ne mara rauni, kuma tunda kai da bakinka ka ce in ka dake shi waje yake kwana, to haƙƙi ne a kanka ka daina, yaron da ya saba kwana a tasha a Legas, wallahi abin da zai koyo ya fi makarar asuba muni. Saurayi ya zo wa Annabi yana neman izinin zina, sahabbai suka taso mishi, shi ko ya ce matso, ya tambaye shi za ka so wa mahaifiyarka? Sannan ya ɗora mishi hannu ya yi mishi addu'a.

Ka zauna da shi ku biyu, ba gaban ƙannenshi ba, ka koya mishi wankan janaba, da yawansu kunya ce ke hana su tambaya sai su bar sallar gaba ɗaya. Ko ɗaki ɗaya kuke, ware mishi shimfiɗa. Waya ta kwana a hannunka, ran da ba makaranta ka tashe shi ku yi asuba tare ku wuce kasuwa.

Tura shi gida halal ne in akwai tsayayyen da zai riƙe shi, in babu ka bar shi gabanka. Wallahu a'alam.