Tambayoyin Masu Karatu: Yadda ake dafa jan waken azuki da tsirar da shi

Tambaya: Assalamu alaikum Uwargida. Ina rubuto miki ne daga wani ƙauye kusa da Ringim a Jihar Jigawa. Ƙanin maigidana da ke karatu a ƙasar Sin ya kawo mana tsarabar wani jan wake mai ƙananan ƙwayoyi da ɗan farin layi a gefe. Ya ce sunansa azuki, an noma shi ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, kuma a can har tsirar da shi ake yi a ci. Yaya zan dafa shi? Kuma tunda ba a sa masa magani ba, zan iya ba yara tsiron ɗanye?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Wannan baƙon naki ɗan dangi ne, domin masana tsirrai sun sa shi a gida ɗaya da wakenmu da gurjiya, gidan da suke kira Vigna. An fi noma shi a Sin da Japan da Koriya, kuma a Japan tsibirin Hokkaido ne ya fi shahara da shi.

Ki tsince shi, ki wanke, ki jiƙa shi ya kwana, saboda ɓawonsa yana da tauri kuma ba ya shan ruwa da wuri kamar farin wake. Da safe ki ɗora shi ya tafasa na 'yan mintuna, ki zubar da wannan ruwan na farko kamar yadda Japanawa suke yi don rage baurinsa, sannan ki zuba sabon ruwa, gwangwani 3 ko 4 ga kowane gwangwani ɗaya na wake, ki rage wuta. Yakan nuna cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Na san hannunmu ya saba da jefa kanwa a tukunyar wake, amma a nan ki haƙura da ita, domin tana lalata sinadarin bitamin B1. Ya dace da garau-garau ƙwarai, kuma su kansu Japanawa suna dafa shi da shinkafa a ranakun murna, abincin da suke kira sekihan. Suna kuma dafa shi da sukari har ya zama kamar kwaɓi a cusa a cikin burodi. Ƙosai da alale dai ki bar wa wakenmu, don surfen wannan zai gajiyar da ke a banza.

Batun tsiro shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Ki jiƙa cokali 3 ko 4 kawai na awa 12, ki tsane shi a gwagwa mai tsabta, ki rufe da tsumma mai tsabta, ki ajiye a inuwa inda iska ke shiga, misali kusa da randa. Ki riƙa ɗauraye shi da ruwan da kuke sha safe da yamma, a lokacin zafi kuwa sau uku, kuma kowane lokaci ki tabbatar ya tsane sarai, domin ruwan da ya kwanta a ƙasa shi ne ke ruɓar da shi. Cikin kwana 3 zuwa 5 za ki ga farin tsiro ya kai tsawon ƙwayar ko ya ɗan fi. A ganina lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan aiki, don a zafin bazara yakan yi yauƙi ko tsami tun kafin ya gama fitowa, kuma duk wanda ya yi haka zubar da shi ake yi.

Amma kada ki ba yara shi ɗanye. Cewa an noma shi ba tare da taki da feshi ba bayani ne kan yadda aka kula da gonar, bai nuna cewa babu ƙwayoyin cuta a jikin ƙwayar ba, kuma ɗumi da danshin da tsiro yake so su ne ƙwayoyin cuta irin su salmonela suke so. A shekarar 2011 dubban mutane sun kamu da ciwo a Jamus, fiye da 50 suka rasu, kuma bincike ya gano cewa tsiron hulba ne da aka ci ɗanye, daga gonar da ita ma irin wannan noman take yi. Saboda haka ki soya shi da albasa da attaruhu har ya yi laushi, ko ki zuba shi a miya ko fate ya tafasa sosai, musamman idan akwai ƙananan yara, mai juna biyu ko tsofaffi a gidan.

Idan tsarabar ta ƙare, wakenmu na gida ma yana tsira ta wannan hanyar, har ya fi shi sauri. Sai dai ki zaɓi wanda kuka noma kuka adana da kanku a buhun nan mai leda biyu a ciki, ki guji wanda aka zuba wa maganin ƙwari a rumbu, haka kuma irin shuka da aka shafa wa magani bai dace da ci ba ko da an wanke shi.