Hukuncin Tashin Ɗan Haya Don An Samu Mai Biyan Ninki

Tambaya: Malam, ina da gidan haya a Kano. Ɗan hayana malamin firamare ne mai iyali, shekararsa ta cika, kuma ina bin sa ragowar kuɗi. Dillali ya kawo wanda zai biya ninki biyu. Ya halatta in tashe shi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Malam mai gida, ka haɗa mas'ala biyu a wuri ɗaya, gida da bashi, kuma hukuncinsu daban ne.

A mazhabar Malikiyya, hayar da aka yanka wa wa'adi ana kiranta wajiba, tana ɗaure ɓangarorin biyu, domin Allah Ya ce a cika alƙawura (Ma'ida, aya ta 1). Kafin wa'adi ba ka da ikon ƙara kuɗi ko tashinsa. Tunda shekara ta cika, gidanka ne, ya halatta ka sabunta farashi ko ka karɓi abinka.

Bashin kuwa, in da gaske ba shi da shi, jinkirta masa wajibi ne, kamar yadda aya ta 280 ta Baƙara ta umarta. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, ka san kuma farashin kwanon shinkafa, don haka kar ka gaggauta kiransa mai taurin bashi. In yana da shi yana ja maka rai, wannan zalunci ne, ka kai shi gaban alƙali.

Inda masu gidaje ke halaka shi ne wajen tashin. Kwance ƙofa, ɓalle kwanon rufi ana tsakiyar damina, yanke wuta, watso katifa da tukwane waje yara na kallo, duk haramun ne. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa. Dokokin haya na jihohi da dama ma sun ba mai hayar shekara notis na wata shida, sai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban, kuma kotu ce ke fitar da mutum.

Shawarata, ka fara yi masa tayin ƙarin da zai iya ɗauka, ko da biyan wata-wata ne. Dillali la'adarsa yake hange, ba shi za a tambaya ranar Lahira ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya jinkirta wa matalauci ko ya rage masa, Allah zai sa shi a inuwarSa. In kun kasa daidaitawa, ka ba shi lokacin da zai isa ya samu wani ɗakin a wannan tsadar, ku rubuta ragowar bashin gaban shaidu biyu.

Wallahu a'alam.