Furannin bazara a tsakar gida: wanne ne ado, wanne ne guba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun koma wani gidan haya a Zariya, kuma tunda bazara ta shigo shuke-shuken da muka tarar suka cika da furanni. Akwai mai hawa katanga mai ƙaya, furensa ja kamar takarda. Akwai wata gajeriya mai kumburarren gindi, ba ta da ganye sai fure ruwan hoda. Ta uku doguwa ce mai siraran ganye, ita ma furenta ruwan hoda. Yarana ƙanana suna tsinkar furannin suna wasan girki da su, hankalina bai kwanta ba. Maƙwabciyata kuma ta ce ganyen doguwar maganin hawan jini ne idan an tafasa, har ta nemi in ɗebo wa mahaifiyata. Yaya zan gane su?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kin yi daidai da hankalinki bai kwanta ba, domin biyu daga cikin ukun da kika siffanta suna iya kisa. Kafin ki gama karanta wannan amsa, ki hana yara zuwa wurinsu, kuma kada ganye ko ɗaya ya shiga tukunya.

Mai hawa katangar Bougainvillea ce, asalinta Kudancin Amurka, kuma ta fi yin ado lokacin da ƙasa ta bushe. Abin da kike gani ja kamar takarda ganye ne da ya rine. Ki leƙa tsakiyar kowane uku za ki ga ainihin furen, ɗan ƙarami fari. Illarta ƙaya ce da ɗan ƙaiƙayin fata, don haka a rage rassan da suka sauko daidai fuskar yara, shi ke nan.

Gajeriyar kariya ce, wadda masana ke kira Adenium obesum. Kumburin gindin nan ma'ajiyar ruwa ce, shi ya sa take iya zubar da ganye ta yi fure a tsakiyar zafin Maris da Afrilu. Maharba a sassan Afirka da dama sun daɗe suna haɗa dafin kibiya da ruwan jikinta, wannan kaɗai ya isa ya nuna miki matsayinta.

Ta ukun, bisa siffar da kika bayar, Nerium oleander ce, amma ki tabbatar da kanki ba tare da dogaro da launin fure ba, domin tana yin fari da ja da ruwan hoda. Ki dubi ganyen: dogo ne siriri mai kauri, da jijiya ɗaya fitacciya a tsakiya, kuma yawanci ganye uku ne ke fitowa daga gaɓa ɗaya suna kewaye reshe. Idan an karya reshen, ruwa mai danƙo yana tsattsafowa. Tana da 'yar'uwa mai fure rawaya kamar mazurari da farin ruwa kamar madara, Thevetia peruviana, wadda ake yawan yin shinge da ita a makarantu da ofisoshi, kuma ƙwallonta ya fi komai haɗari ga yara. Su biyun nan, har da kariya, dangin tumfafiya ne.

Yanzu maganar maƙwabciyarki, wadda ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji irinta: wai abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya kisa, kuma ko da akwai dafi, wuta tana kashe shi. Wannan magana ƙarya ce, kuma ana rasa rayuka a kanta. Gubar da ke cikin doguwar, mai suna oleandrin, ba ta lalacewa da tafasa, ba ta lalacewa da shanya. Tafasawar ma ita ce ke fito da gubar daga ganye ta zuba ta cikin ruwan da za a miƙa wa dattijuwa a kofi. Busasshen ganyen da ya faɗo ƙasa yana nan da ƙarfinsa, shi ya sa yake kashe awaki da shanu idan ya gauraya da harawa, kuma hayaƙinsa ma ba abin shaƙa ba ne.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Gubar tana rage saurin bugun zuciya, sai wanda ya sha ya ji jiri da kasala, a ce masa ai jinin ne ke sauka, magani ya kama. Alhali zuciyar ce ta fara rikicewa. Aikinta a jiki irin na digoxin ne, maganin zuciya da likita ke aunawa da matuƙar taka-tsantsan saboda tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa ƙanƙanuwa ce. To wa ya auna abin da ke cikin ganye biyar da aka jefa a tukunya? Ganyen wannan reshe da na wancan ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Idan kuma mahaifiyarki tana shan maganin zuciya ko ƙodarta ta raunana, haɗarin ya ninka. Raina yana ɓaci ƙwarai da masu ɗora lasifika a kan mota a tasha, da masu tura saƙon murya a WhatsApp, suna lissafa cututtuka goma da ganye ɗaya zai warkar, alhali ko sunan shukar ba su sani ba, kuma ranar da aka kwashi mutum ranga-ranga ba za a gan su a bakin asibiti ba. Ban raina maganin gargajiya ba. Masu ilimin itatuwa na gaskiya su ne suka fara sanin cewa kariya dafi ce.

Idan yaro ya tauna fure ko ganye ko ƙwallo, a cire abin da ya rage a bakinsa, a kuskure masa baki, a tafi asibiti nan take ko da yana wasansa lafiya lau, domin amai da ciwon ciki da rikicewar bugun zuciya suna iya jinkiri na sa'o'i. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, ba sa karya wannan guba, kuma kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A tafi da reshen a leda domin likita ya san abin da yake fama da shi, ya duba zuciyar da na'ura.

Shawarata a gida mai ƙananan yara ita ce ki nemi izinin mai gidan a tumɓuke doguwar da saiwarta, kariyar kuma a mayar da ita inda hannun yaro ba ya kaiwa. Mai aikin ya sa safar hannu, ya kiyaye idonsa, a binne rassan a rami. Kada a ƙone su, kada a zuba wa dabbobi, kada wani ya yanki asuwaki ko tsinken tsire daga jikinsu. Idan kina son tabbaci kafin a sare, tunda a Zariya kike, ki yanki reshe mai ganye da fure tare, ki sa shi tsakanin takardu, ki kai ma'ajiyar samfuran tsirrai ta sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, a gaya miki sunansa.