Su wa suka cancanci zama amintattun ƙungiyar gyaran dokar shaye-shaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu matasa ne a Kano, muna shirin yi wa ƙungiyarmu rajista. Burinmu a daina tura masu shaye-shaye gidan yari, a riƙa kai su asibiti. Dattawan unguwa sun dage sai mun saka wani malami mai gidan mari cikin amintattu, wai ya daɗe yana gyara yara. Sun kuma hana mu saka wani ɗan'uwanmu da ya daina shan ƙwaya, wai CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba za ta karɓe shi ba tunda an taɓa ɗaure shi. Hankalina a tashe yake. Ina tsoron ɓata wa manya rai, ina kuma tsoron mu ɗora ginin a kan kuskure. Waɗanne irin mutane ake sakawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tsoronki na biyu shi ne abin tsoro. Na farkon ana magance shi da ladabi da kujerar uban ƙungiya, wadda ba ta ɗauke da alhakin doka.

Maganar ɗan'uwan naku jita-jita ce. Dokar CAMA ta 2020, wato dokar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, mutum huɗu ta hana zama amintattu: ƙaramin yaro, wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, wanda aka ayyana ya karye da bashi bai fita ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara 5 kafin naɗin. Ɗaurin da aka yi masa kan ƙullin wiwi ko katin taramol ba ya cikin waɗannan. Ku saka shi, kuma da cikakkiyar ƙuri'a. Shi ya san yadda ake kame, nawa ake nema kafin beli, da abin da ke faruwa a daren farko a bayan kanta.

Sauran kujerun, mutum biyu doka ta nema, amma ku yi biyar ko bakwai don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Sai da lauya mai zuwa kotun laifuka da ƙafarsa, domin abin da kuke son a gyara yana cikin dokar NDLEA, wadda sashe na 11 da na 19 nata suka tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da ƙwaya ko yana sha. Wanda bai iya rubuta gyaran sashe ɗaya ya kare shi gaban kwamitin majalisa ba, bai taimake ku ba. Sai likitan ƙwaƙwalwa ko ma'aikacin jinya da ya yi aiki a sashen masu shaye-shaye, irin na asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa ko Kware. Sai akanta, saboda rahoton shekara na CAC da rajistar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, da banki zai tambaya, kuma sashe na 839 na dokar CAMA, yadda aka kafa ta a 2020, ya ba CAC damar dakatar da amintattu in an samu almundahana ko rashin iya riƙo. Mace a kwamitin wajibi ce: binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙwayoyi da laifuka, da Hukumar Ƙididdiga na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a Najeriya a shekarar da ta gabace shi, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Tsohon jami'in tsaro yana da amfani in ya yarda da manufarku a rubuce. In don sunansa ne kawai, ku bar shi.

Dubi kwamitin nazarin matsalar ƙwayoyi da Kofi Annan ya kafa wa Afirka ta Yamma a 2013 ƙarƙashin Olusegun Obasanjo. Akwai tsohon shugaban ƙasar Cape Verde, Pedro Pires, amma kusa da shi akwai likitan ƙwaƙwalwa daga Senegal, alƙali daga Saliyo, mai fafutukar masu cutar ƙanjamau daga Burkina Faso, da matashi daga Najeriya. Rahotonsu na 2014 ya nemi a daina ɗaukar shan ƙwaya a matsayin laifin ɗauri, kuma a 2020 Ghana ta mayar da hukuncin wanda aka kama da abin shansa tara.

Yanzu maganar gidan mari, wadda ita ce ke cin rai. Mutane sun ɗauka duk wanda ya daɗe yana kulle yara ya zama ƙwararre. Bai zama ba. Daɗewa kan aikin da ba a taɓa auna sakamakonsa ba, ba ƙwarewa ba ce. Ki tambayi malamin yara nawa ya karɓa bara, nawa suka koma sha cikin wata shida, nawa suka rasu. Ba za ki ga littafi ba.

Ga abin da ke faruwa a jikin yaron da aka sa wa mari. In diyazafam ko roci ya saba sha kullum, yanke shi rana ɗaya na iya jawo jijjiga mai kama da farfaɗiya, wadda takan kashe. A asibiti rage maganin ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni. A gidan mari kuwa, in ya fara karkarwa sai a ce aljanu ne ko taurin kai, a ƙara masa bulala. In kodin ko taramol ne, cikin kwana ɗaya zai fara amai, gudawa, gumi da ciwon gaɓoɓi, abin ya yi tsanani a kwana na biyu da na uku. Yaro mai amai da gudawa, ƙafarsa a ƙarfe, a ɗakin da aka cusa mutane babu iska, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, ga gyambo a idon sawu inda ƙarfen ke goga, ga ƙazuwa da tarin fuka suna yawo tsakaninsu.

Babban haɗarin ma yana ranar sallama. Bayan watanni a kulle, juriyar jikinsa ga ƙwaya ta sauka, amma sha'awar tana nan, domin ba a taɓa abin da ya kai shi sha ba: damuwa ce, rashin aiki ne, ko ciwon ƙwaƙwalwar da ba a gano ba. Ya fito, ya sha adadin da ya saba a da, numfashinsa ya tsaya. Makonni biyun farko bayan fita daga kulle su ne mafi haɗari, shi ya sa ake koya wa iyali alamun wuce kima, kamar ƙanƙancewar ƙwayar ido, munshari mai nauyi da sauyawar launin leɓe, kuma ake neman a wadata maganin nalokson mai farfaɗo da numfashi. Mai gidan mari bai san wannan ba, kuma in yaron ya mutu a gida, ba a lissafa shi cikin nasa. Sai a ce kwana ya ƙare.

Ba a manta da Rigasa ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da maza da yara sama da 300 daga wani gida a can Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, bayan makonni aka sake ganin irinsa a Daura. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su ne, kuma wannan giɓin ne ƙungiyarku ta zo cikewa. Ta yaya za ku je majalisa ku ce a daina ɗaure mara lafiya, alhali mai ɗaure su da ƙarfe yana sa hannu a takardarku? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya ta zo yi. Rikon ɗan wani amana ce, Allah zai tambaya a kanta.

Malami kuna bukatarsa sosai, amma wanda zai hau mumbari ya ce wa iyaye su kai ɗansu asibiti.

Ki kuma sanar da dattawan cewa shigar da suna ya fi cire shi sauƙi. Kafin rajista za a buga sunayen amintattu a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, sauya amintacce daga baya kuma sai da babban taro da sabuwar takarda zuwa CAC. Don haka ku rubuta a kundin tsarinku tun yanzu: wa'adin shekara nawa, yadda ake tsige mutum, da cewa duk mai wurin da yake karɓar kuɗi a kan masu shaye-shaye, ko asibiti ne, sai ya bayyana hakan ya fita daga ɗaki in ana tattauna abin da ya shafe shi.