Amsa ga mai mata biyu da ke shirin zuwa karatu Ingila

Malam, ka tambaya ko za ka iya tahowa da uwargida da amarya duka. A'a, ɗaya kawai. Ita ma ɗayar, tun daga Janairun 2024 sai in karatun bincike za ka yi, kamar digirin digirgir, ko kuma gwamnati ce ta ɗauki nauyinka.

Kada majami'un da ka ji an ce babu kowa a cikinsu su ruɗe ka. Dokar aure a nan daga coci ta fito. Sai a 1857 aka karɓe shari'ar rabuwar aure daga kotunan coci, kuma har yau bishop-bishop na Cocin Ingila suna da kujeru 26 a Majalisar Dattawa. A shari'ar Hyde ta 1866, alƙali ya fayyace aure bisa fahimtar Kirista: namiji ɗaya da mace ɗaya, babu na uku. Dokar 2013 ta halatta auren jinsi, wato an sauya batun namiji da mace, amma ba a taɓa batun ɗaya da ɗaya ba.

Aurenka biyu da aka ɗaura a Najeriya lokacin kana mazaunin can, doka ta amince da su. Bizar matar aure ce ba a ba mace ta biyu. Amma wanda ya je ofishin rajista ya ƙara aure alhali yana da mata, ya aikata laifi a ƙarƙashin dokar 1861, hukuncinsa har ɗaurin shekara 7.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne ɗaurin aure a gida, ko a masallacin da ba shi da rajistar aure. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020 cewa irin wannan ba aure ba ne a idon doka. In aka rabu, matar ba ta da hurumin neman rabon dukiya a matsayin matar aure. Mata ne ke kwana a ciki. Saki da baki a nan ma ba ya warware aure, sai kotu.

Ka duba shekarun wadda za ka taho da ita: dole ta cika 18. Tun Fabrairun 2023, aurar da wadda ba ta kai ba laifi ne a Ingila, ko da liman ne ya ɗaura.